Darasi na Bakwai: Koya wa Ƙananan Yara Yadda Ake Gina Bene

Idan uwa ko uba suka bi da yaro ɗan shekara biyar ko shida ta inda ake gina bene, da wuya yaron bai ja tunga ya yi tambaya ba: me ya hana ɗakin sama ya faɗo kan na ƙasa, kuma me ya sa ake haƙa rami mai zurfi alhali sama ake son zuwa? Sau da yawa akan ce masa wannan aikin injiniyoyi ne, sai a wuce. Amma amsar ba ta fi ƙarfin wanda bai yi boko mai zurfi ba, kuma za ku iya ba da ita a tsakar gida da laka da yashi da ciyawa.

Abu guda ya kamata yaro ya riƙe, shi ne cewa nauyin gini kullum ƙasa yake nema, aikin magini kuwa shi ne ya shirya masa hanyar da zai bi lafiya. Rufin kankare yana ɗora nauyinsa a kan gungumen kankaren da ke kwance a ƙarƙashinsa, gungumen yana miƙa wa ginshiƙai, ginshiƙai su sauke a kan harsashi, harsashi kuma ya raba nauyin cikin ƙasa. A yawancin benayen zamani, bulon da ake jerawa tsakanin ginshiƙai raba ɗakuna kawai yake yi, ba shi ne ke ɗauke da ginin ba. Ku sa yaro ya nuna wannan hanya da yatsa, daga sama har ƙasa, duk lokacin da kuka ga ginin da ba a yi wa yaɓe ba.

Harsashi

A jiƙa yashi a cikin kwano, a ba yaro sanda ya danna a ciki, zai ga ta nutse nan take. Sannan a ɗora ɗan katako mai faɗi a kan yashin, ya danna sandar a kansa da ƙarfi iri ɗaya, sai ya ga ba ta nutse ba. Wannan shi ne aikin harsashi, kuma shi ya sa ake faɗaɗa gindin kowane ginshiƙi bayan an haƙa har an tarar da ƙasa mai tauri. Idan ginin ya yi tsawo ƙwarai, faɗi kaɗai ba ya isa, sai an kafa turakun kankare can cikin ƙasa. Burj Khalifa na Dubai, wanda aka buɗe a 2010 kuma tsawonsa ya kai mita 828, yana tsaye ne a kan turakun da suka nutse kimanin mita 50.

Kankare da rodi

Nan ne ya fi dacewa a tsaya da yaro a daɗe. Kankare haɗi ne na siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Awon da magina suka fi sabawa da shi shi ne kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, ko da yake a babban gini injiniya ne ke yanke awon da ya dace. Kafinta yakan harhaɗa katako ya yi siffar ginshiƙin, masu ɗaurin rodi su jera ƙarafa a ciki su ɗaure da waya, sannan leburori su zuba kankaren. Yara sukan yi mamakin ganin ana yi wa sabon gini ban ruwa safe da yamma. Dalili shi ne siminti da ruwa yake ƙara ƙarfi, idan rana ta busar da shi da wuri sai ya tsattsage. Saboda haka ake jiƙa shi aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 ake auna ƙarfinsa.

To mene ne amfanin rodi? Kankare yana jure danna, amma ba ya jure ja ko lanƙwasa, ƙarfe kuwa yana jurewa. Domin yaro ya gani da idonsa, a kwaɓa laka a yi ɗan falle biyu masu tsawon taƙi guda, ɗaya laka zalla, ɗayan kuma a shimfiɗa masa dogayen zaruruwan ciyawa a ciki. Bayan sun bushe, a gitta kowanne a kan duwatsu biyu, yaro ya danna tsakiya da babban yatsa. Na laka zalla zai karye ya rabu biyu, mai ciyawa kuwa ko ya tsage ba zai rabu da sauƙi ba. Yaron da ya karya wannan falle da hannunsa ya fahimci abin da bayanin baki ba zai ba shi ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma bai kamata yaro ya tashi yana zaton babban gini sai na siminti ba. Maginanmu sun daɗe suna cuɗa ƙasa da ciyawa su yi tubali, suna kuma sa azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba, cikin rufin soro da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufin. Da haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Hasumiyar masallacin Agadas ta ƙasa ce, tsawonta mita 27, kuma itatuwan da suka fito a jikinta su ne matakan masu yaɓe. Wanda ke Kano zai iya kai 'ya'yansa Gidan Makama su ɗaga kai su ga irin wannan rufi na azara. A tafi da 'yan mata tare da maza, domin aikin zanen gini da na injiniya na kowa ne.

Kiyaye lafiyar yaro

Kallon gini daga nesa ake yi, hannun yaro yana cikin na babba. Kada a bar shi ya shiga wurin aiki, domin akwai ƙusa da tsinin rodi, bulo yana iya suɓucewa daga sama, ramin da ake tara ruwan gini kuma yana iya cin yaro cikin ɗan lokaci. Siminti ɗanye yana ƙona fata, ƙurarsa tana cutar da ido, don haka gwajin gida da laka za a yi shi. Idan siminti ya taɓa ido, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa, a garzaya asibiti.

Aikin gida

Ku rubuta waɗannan kalmomi a littafinku: harsashi, ginshiƙi, kankare, rodi, azara. Sannan ku yi gwajin laka da ciyawa tare da yaranku, ku rubuta jimla uku a kan abin da suka gani da tambayoyin da suka yi, ku zo da su aji a zama na gaba.