Yadda Ake Yi Da Ruwan Gishirin Da Injin Tace Ruwan Teku Ke Bari

Duk wanda ya je Makka ko Jidda to akwai yiwuwar ruwan da ya yi wanka da shi daga Bahar Maliya aka jawo shi, aka tace a Shu'aiba. Amma tacewar na barin baya da ƙura. Litar ruwan teku na ɗauke da gishiri kamar giram 35, injin RO (mai tura ruwa da matsi ta cikin rariya mai tare gishiri) kuma ƙasa da rabi yake fitarwa mai kyau, sauran ya fito da gishiri kusan ninki biyu. Wani bincike na jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019 ya ce kowace lita ɗaya ta sha tana barin kamar lita ɗaya da rabi ta wannan ruwan, kuma sama da rabinsa daga Saudiyya, Daular Larabawa, Kuwait da Katar yake. In an maida shi teku haka nan nauyi gare shi, ƙasa yake kwantawa ya takura wa halittun wurin.

Toh ya ake yi?

Kar ka fara da komai sai ka kai ruwan lab an auna, musamman kalsiyam, salfet da silika, don su ne masu haɗa farin ɓawon nan irin na cikin butar shayi, su toshe rariyar injin cikin ƙanƙanin lokaci. Sai a zuba farar ƙasa da soda, masu haɗa ɓawon su kwanta a ƙasan tanki, a tsiyaye na sama. Mutane na raina wannan matakin saboda ba wani injin burgewa a ciki, alhali in ka tsallake shi duk abin da ka kashe a gaba asara ce.

Daga nan a sake tura ruwan cikin wani RO mai ƙarfin matsi, akwai masu kaiwa bar 120 (bar ma'aunin matsi ne), wanda ya wuce na tace ruwan teku nesa. A matse shi iya matsewa a nan, dalili kuwa kuɗin wuta: RO na cin kilowat-awa 3 zuwa 4 kan lita dubu, injin dafawa mai maida tururi ruwa na cin sama da 20, shi kuwa na ƙarshe mai daskarar da gishiri ya haura 50. Ka ga kenan ɗigon ƙarshe shi ne mafi tsada.

In kana da fili da rana, ba sai ka sayi na ƙarshen ba. A haƙa tafki mai faɗi mara zurfi, a shimfiɗa leda mai kauri don kar gishiri ya sauka ya ɓata rijiyoyin mutane, rana ta ƙarasa aikin, dabarar da mutanen Bilma suka daɗe suna yi a ramukan gishirinsu. Sai dai ruwan ya tafi sama kenan, ba ka samu ba. A Eilat ta Isra'ila ruwan da injin tacewa ya bari ana tura shi tafkunan kamfanin gishiri, a fitar da na ci.

Ni dai a ganina sai doka ta tilasta ko kana nesa da teku za ka bi tsarin sai-ka-busar-da-komai, wato kar a saki ko ɗigon ruwan gishirin, kamar yadda kotu ta tilasta wa masu rini na Tirupur a Indiya a 2011. In kana bakin teku, cire ruwan da RO zai iya, ragowar a gauraya shi da wani ruwan a sake shi ta bututu mai ƙofofi da yawa inda igiyar ruwa ke da ƙarfi.