Darasi na 9: Inda Ake Ɗaura Ma'aunin Zafin Iska Bayan An Sa Wa Inji Tarbo

Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Shi ya sa ƙwaƙwalwar mota, wadda ake ce wa birenbos a gareji, take son sanin zafin iskar da inji zai shaƙa kafin ta auna masa fetur. Mai kai mata labarin wani ɗan sensa ne mai waya biyu, bai fi babban yatsa ba. Ana ba shi wuta bolt 5. Idan zafi ya ƙaru, turjiyarsa ga lantarki sai ta ragu. Da om ake auna wannan turjiya: irin na Bosch yakan nuna wajen om 2,500 a digiri 20, a digiri 80 kuwa ya sauko kusan om 300.

A motoci da yawa, irin su Toyota Corolla da Camry, sensan yana cikin ma'aunin yawan iska, daf da akwatin matatar iska. Wurin ba shi da laifi muddin inji yana nan yadda kamfani ya ƙera shi.

Da an sa tarbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, zance ya canja. Ka taɓa kama famfon keke bayan ka gama busa taya? Haka tarbo take yi wa iska: ta matse ta, ta yi zafi, wani lokaci har ta haura digiri 100. Intakula, wato abin sanyaya iskar da ta fito daga tarbo, yakan rage zafin, amma ba ya mayar da ita yadda ta shigo. To, idan sensa yana can gaba a tsohon wurinsa, zai ce digiri 40 alhali inji na haɗiyar iskar digiri 70. Birenbos ba za ta ja lokacin tartsatsin fulogi baya ba, inji ya soma ƙwanƙwasa, fistin ne zai ji a jikinsa. Balle a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda iskar gari kanta take wuce digiri 40.

Wurin da ya dace shi ne jikin bututun da ya fito daga intakula, kamar taƙi ɗaya kafin bakin totur.

Wasu makanikai sukan huda manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa cikin inji bayan totur, su ɗaura a can. Ni dai ban cika so ba. Manifol na ƙarfe yana manne da kan inji, yana kwasar zafinsa. Ka tsaya shan mai na minti goma, ƙarfen ya gasa sensa, ya ce iska ta yi zafi ƙwarai, birenbos ta rage fetur, mota ta riƙa gardamar tashi. Ka kuma nemi sensa mai buɗaɗɗen kai, wanda ake ganin ɗan ƙwayarsa cikin keji. Mai rufaffen kai na tagulla yana da nawa, kafin ya farga zafin ya riga ya shige. Kuma dole lissafin om ɗinsa ya dace da abin da birenbos ta sani, in ba haka ba sai an sake saita ta.

Kada ka huda bututu yana jikin mota. Cire shi, a huda, mai walda ya liƙa mazaunin sensa, a wanke ɓarɓashin ƙarfe tas. Ɗaura sensan ta gefe ko ta sama, don man inji yakan taru a ƙasa. Kansa ya leƙa cikin hanyar iska sosai. Waya kuma a nisanta ta da salansa.

Gwaji da safe ake yi, kafin a tayar da mota. Jona kwamfutar gwaji: zafin iska da na ruwan lagireto su zo kusan ɗaya. Idan ka ga -40 da lambar matsala P0113, waya ta tsinke ko soket bai zauna ba. P0112 kuwa, wayar da ke kai saƙo ga birenbos ta taɓa bodi.

Aiki: Zana hanyar iska daga matata zuwa tarbo, intakula, totur da manifol. Sa alama inda za ka ɗaura sensa, ka gaya wa na kusa da kai dalilinka.