Yadda na shawo kan aman ɗiyata lokacin zawo

Zawo ya kama ɗiyata cikin zafin Afrilu a nan Tawa, kuma duk ruwan SRO (haɗin gishiri da sukari da ake ba mai zawo) da ta sha sai ta amayar. Malamar likita ta ce min: "Uwar ɗiya, dakata minti 10, sannan ki riƙa ba ta cokali ɗaya kowane minti biyu ko uku." Haka na yi, aman ya tsaya.

Ƙunshi ɗaya nake zubawa cikin lita 1 na dafaffen ruwan da ya huce, in zubar da ragowar bayan awa 24. Ban daina ba ta nono ba, ga ƙwayar zinki ta kwana 10. Da idonta ya faɗa ko ta ƙi sha, da komawa likita zan yi nan take.