Fayil ɗin ODT zip ne aka sa wa wata riga

'Yan uwa masu haɗa manhajar da ake liƙa wa burauza don karanta .odt da .ods, wato fayilolin rubutu da na jadawalin lissafi irin na LibreOffice, kafin ku rubuta komai, ku canja ƙarshen sunan fayil ɗin zuwa .zip, wato ƙunshin fayiloli da aka matse wuri ɗaya, ku buɗe.

Za ku tarar da content.xml, can rubutun yake. Tsarin shafi na cikin styles.xml, hotuna kuma a jakar Pictures.

Kwana biyu na ɓata a ɗakina a Agege, ga zafi ga ba wuta, ina ƙona data wajen neman sabar da za ta juya mini fayil. Ashe JSZip, mai buɗe zip, da DOMParser, mai karanta XML (tsarin rubutun da ke cikin content.xml), sun wadatar. A burauzar mutum komai zai gudana, takardarsa ba ta zuwa ko'ina.

Amma a kula. A Manifest V3, tsarin da Chrome ke bi wajen irin waɗannan manhajoji, service worker, wato ɓangaren da ke aiki a bayan fage, ba shi da DOMParser, sai ku yi aikin a shafin manhajar. Nan ne na fi shan wuya, wallahi.

Fayil mai kalmar sirri, shirme za ku gani a ciki. Shi kuwa .fodt, ɗan'uwan .odt, ba zip ba ne, XML ne zalla, kai tsaye ake karanta shi.