Yadda ake zaɓen kamfanin wuta a Houston ba tare da an yi maka wayo ba

Duk wanda ya sauka Houston, a jihar Texas ta Amurka, ya kama haya, abin da ke fara ɗaure masa kai shi ne mai gida zai miƙo masa makulli ya ce je ka nemo kamfanin wutarka. Mu da muka saba da kamfani ɗaya tun zamanin NEPA sai ka ji abin banbarakwai, wai wuta ma ana zaɓe kamar layin waya. To ana yi, kuma wallahi na ga 'yan'uwa da yawa suna biyan kuɗin da bai kamata ba saboda kawai sun latsa na farkon da ya fito.

Bari in ɗan koma baya. A 1836 wasu wa da ƙani, Augustus da John Allen, suka sayi fili a bakin ruwan Buffalo Bayou suka sa wa wurin sunan Sam Houston, jagoran sojojin Texas na lokacin. Fadama ce, ga sauro ga zafi mai gumi. Man da aka samu a Spindletop, gabas da garin, a 1901 da hanyar jiragen ruwa da aka buɗe a 1914 su suka ɗaga garin, amma duk wanda ya yi watan Agusta a nan ya san ba don esi ba da rabin mutanen nan sun gudu, shi ya sa maganar wuta a garin nan ba wasa ba ce. Shekara da shekaru kamfani ɗaya ne, Houston Lighting & Power, ke riƙe da komai. Sai a 1999 majalisar Texas ta yi doka, gwamna George W. Bush ya sa hannu, aka buɗe kasuwa a Janairun 2002. Aka raba aikin uku: masu samar da wuta, mai turaku da wayoyi da mita, sai masu sayarwa. A Houston mai wayoyin CenterPoint ne, shi ba a zaɓensa, ko wa ka bi wutar ta wayarsa za ta zo, in guguwa ta ɗauke wuta kamar Beryl a Yulin 2024 shi ake kira. Kenan wuta iri ɗaya ce ke shiga gidan kowa, abin da kake zaɓa takardar yarjejeniya ce kawai.

Matakin farko, tabbatar unguwarku tana cikin kasuwar. Austin da San Antonio misali kamfanin gari ne ke ba su wuta, babu zaɓi. Shiga Power to Choose, shafin hukumar kula da wuta ta jihar, ka sa lambar unguwarku ta gidan waya, za ka ga tayin kamfanoni reras.

Na biyu, kafin ka kalli farashi ko ɗaya, san nawa kake sha a wata. In ka daɗe a gidan buɗe shafin Smart Meter Texas, kyauta ne, zai nuna maka abin da mitarka ta ci har na kowane minti 15. In sabon shiga ne tambayi ofishin hayar ko maƙwabci mai ɗaki irin naka. Ka duba shekara guda cur, don Afrilu da Agusta ba ɗaya ba ne.

Na uku shi ne wurin da ake kama mutane, ka natsu. Kowane tayi yana da takarda mai suna Electricity Facts Label, doka ce ta tilasta, tana nuna farashin kilowat ɗaya ga mai shan 500, da 1000, da 2000 a wata. Wasu kamfanonin sai su gyara lissafi ya yi kyau daidai kan 1000, su ce in ka kai 1000 za a rage maka kaza daga bil, kai kuma ɗakinka ɗaya da falo, 700 kake sha, ragin bai taɓa zuwa ba, ka koma kana biyan mai tsada. Ni kaina na faɗa irin wannan da wani kamfani mai cewa dare kyauta. Na ɗauka na yi dabara, nake wanki ƙarfe 11 na dare, ashe farashin rana ne aka ninka, ga uwargida da yara suna gida esi na aiki tun hantsi. Da bil ɗin Yuli ya zo a tsaye na karanta shi a bakin akwatin wasiƙa, na sake karantawa. Don haka ɗauki biro: kuɗin kilowat na kamfanin shi kaɗai (energy charge a takardar) sau abin da kake sha, haɗa da kuɗin wata-wata in akwai, haɗa da kason CenterPoint wanda ke kan kowa. In farashin 500, da 1000, da 2000 na takardar sun yi kusa da juna tayin mai gaskiya ne, in sun yi hannun riga ka wuce.

Na huɗu, tsayayyen farashi ko mai hawa da sauka? Ni dai tsayayye, wata 12. Wanda ya ga Fabrairun 2021 ba sai an ba shi labari ba, sanyi ya daskarar da tashoshin wuta, farashin sari ya kai dala 9 kan kilowat ɗaya, kwastomomin kamfanin Griddy da ke bin farashin sari suka ga bil na dubban daloli cikin 'yan kwanaki. Daga baya jihar ta hana sayar wa gidaje irin wannan tsarin, amma mai sauyawa wata-wata yana nan, kuma ba ya tashi sai lokacin da ka fi buƙata.

Na biyar, duba kuɗin fasa yarjejeniya da na ajiya. Sabon zuwa da bai gina tarihin bashi ba za a iya neman ya ajiye wani abu, akwai kuma tsarin biya kafin sha irin mitar kati ta gida, sai dai yakan fi tsada. In tashi ka yi daga gidan kuma ka nuna shaida, ba za a caje ka kuɗin fasawa ba.

Da ka yi rajista sabon kamfanin ne zai yi sauran aikin, ba wanda zai zo gidanka, fitila ko ƙiftawa ba za ta yi ba. In canji ka yi kana da kwana 3 na aiki da za ka iya janyewa. Sannan tun a ranar ka sa ƙararrawa a wayarka kan ranar ƙarewar yarjejeniyar, don in ta wuce ka yi shiru za su mayar da kai farashin wata-wata. Kwana 14 kafin ta ƙare kana iya komawa wani ba tare da tara ba, kuma in da hali ka daidaita ta ƙare a Maris ko Oktoba lokacin da ba a rububin wuta.