Yadda Za Ka Tsare Kayan Kiɗanka Daga Haƙoran Sabon Kare

A hancin kare, kalangu ganda ce. Fatar akuya ce a baki biyu, ga tsarkiyar fata jere a jiki. Kwikwiyo kuwa yana famfara daga wata 3 zuwa 6, dasashi na ƙaiƙayi, komai ya samu sai ya gwaguya.

1. Tun kafin ya shigo gida, buga ƙusa a bango sama da kanka ka rataye kayan. Naɗe maratayin, don igiyar da ke lilo ita ke fara jan hankalinsa.

2. Goge da gurmi, sa su a akwatin ƙarfe. Jakar fata ƙarin nama ce kawai.

3. Rufe ƙofar ɗakin da sakata.

4. Ba shi abin taunarsa, kamar igiya mai kauri da aka ƙulle. Kada ka ba shi tsohon takalmi, ba zai bambance shi da gangarka ba. Dafaffen ƙashi ma a'a, yana tsagewa ya ji masa rauni a hanji.

5. In ka gan shi yana shinshinar ganga, tsawata masa nan take ka miƙa masa igiyar. Duka bayan ɓarna tsoronka kawai zai sa masa.