Inshorar Shago da Kaya: Abin da Ɗan Kasuwa Zai Duba Kafin Ya Sa Hannu

Inshorar dukiya yarjejeniya ce: kana biyan kamfani wani kuɗi duk shekara, shi kuma ya biya ka diyya idan bala'in da aka ambata a takarda ya afka wa kayanka. Diyyar gwargwadon asararka ce, babu riba a ciki. A Najeriya sai ka biya kuɗin kafin kariya ta fara aiki, kuma ka tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora.

Fara da tantance abin da ke naka. Idan haya kake, ginin na mai shago ne, naka shi ne kaya da kanta da janareta. Sannan ka karanta bala'o'in da takardar ta lissafa. Takardar gobara ba ta ɗaukar ɓarayin da suka fasa shago. Ambaliya da iska ma yawanci sai an ƙara su da sunansu.

Inda aka fi yin kuka shi ne ƙimar kaya. Mutum yakan rage ta don kuɗin shekara ya yi sauƙi. A ce atamfa da shadda na naira miliyan 10 ne a shagonka a Kantin Kwari, amma ka rubuta miliyan 6. Wuta ta ci na miliyan 5. Kada ka sa ran miliyan 5, domin kashi 60 cikin ɗari kawai ka yi wa inshora, kashi 60 ɗin asarar za a ba ka, wato miliyan 3. Daga nan kuma a cire ɗan kason da takarda ta ce kai za ka ɗauka a kowace asara. Saboda haka ka sabunta ƙimar duk lokacin da farashi ya tashi, musamman gab da sallah da shago ke cika maƙil.

Kada ka ɓoye komai a fom. Jarkar fetur a bayan kanta ko wayar wuta da aka jona barkatai, idan ba ka faɗa ba, suna iya sa a ƙi biyanka.

Rasit da littafin ciniki kada su kwana a shago, don tare da kaya suke ƙonewa. Ɗauki hotonsu da waya, ka ajiye kwafi a gida. Idan abu ya faru, sanar da kamfani nan take, karɓi rahoton 'yan kwana-kwana ko na 'yan sanda, kuma kada ka kwashe ɓaraguzai sai mai tantance asara ya zo ya gani.

Wanda ke gudun kuɗin ruwa da garari (rashin tabbas a cikin ciniki) yana da takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci. A nan mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya, a biya wanda asara ta samu, rarar kuma a raba bisa ƙa'ida. Sharaɗin faɗin ainihin ƙimar kaya yana nan a takaful ɗin ma.